Birni da Kewaye: Tarihin Suna da Alkawarin da ke Cikinsa

Duk wanda ya lura da yadda Hausawa ke raɗa wa mazaunansu suna zai tarar cewa kakanninmu ba su kasance masu jefa kalma barkatai ba, domin kowane irin zama na jama'a, tun daga bukkar makiyayi har zuwa fadar sarki, sun ba shi laƙabin da ya dace da shi, suka kuma yi masa haddin da ba ya ƙetarewa. Amma a zamaninmu wani irin zama ya bayyana wanda magabata ba su san shi ba a ƙasar nan, watau garuruwa da ƙauyuka waɗanda a da kowannensu ke zaman kansa, da gonakinsa da fadamarsa da maƙabartarsa, su yi ta yaɗuwa suna kusantar juna har gini ya gamu da gini, matafiyi ya fita daga wannan ya shiga wancan bai sani ba. Mas'alar da za mu bi diddiginta ita ce sunan da wannan abu ya cancanta, da asalin kalmomin da ake kiransa da su, da kuma nauyin da ke hawa wuyan hukuma da jama'a idan an kira shi da su. Za mu faro daga yammacin Zamfara, ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, domin a can tsofaffin sunayen suna da rai har yanzu, kuma daga irin waɗannan wurare ne manyan birane ke samun mutanen da suke cika su.

A wannan ƙasa da Gulbin Zamfara da Gulbin Ka suke ratsawa, mafi ƙanƙantar zama shi ne ruga, mazaunin Fulani makiyaya, wadda ake kafawa a kuma tashe ta gwargwadon halin ciyawa da ruwa. Sama da ita sai tunga, watau 'yan gidajen manoma ko masunta ko mafarauta da suka ware daga gari suka sari daji, wadda galibi ake kira da sunan wanda ya fara sara ko da sifar wurin, kamar Tungar Daji da Tungar Guru. Idan tunga ta zauna da gindinta, aka haifi 'ya'ya da jikoki a cikinta, aka yi masallaci da maƙabarta aka naɗa mai gari, to ta zama ƙauye, irin su Abare da Dareta da Sunke. Idan kuwa kasuwa ta kafu tana ci mako-mako, mahauta da maƙera da masaƙa suka yi sansani, aka raba wurin shiyya-shiyya, kamar yadda mutanen yamma ke kiran abin da Kanawa ke ce wa unguwa, an sami gari ke nan. Ɗaki Takwas na ƙasar Gummi, wanda sunansa kaɗai ke shaida ƙanƙancin farkonsa, ya isa dalili a kan cewa mararraba da kasuwa suna iya ɗaga wuri daga mataki zuwa mataki. Akwai kuma alƙarya, kalmar da muka aro daga Larabci muka ɗaukaka darajarta har ta zama sunan gari mai yalwa inda baƙo ba ya rasa masauki, da maraya, kishiyar karkara, inda jinsi-jinsi na mutane suka cakuɗa aka san ado da wayewa.

Shi kuwa birni, wanda shi ne ƙololuwar wannan jeri, ba yawan jama'a ne ke ba shi sunansa ba, domin kalmar tana ɗaukar ma'anar ganuwar kanta kamar yadda take ɗaukar ma'anar garin da ganuwar ta kewaye, har akan ce an gina birni alhali ana nufin an ɗaga katangar ƙasa, an haƙa gwalalo a bayanta, an kafa ƙofofi. Saboda haka ne ake samun Birnin Tudu a ƙasar Gummi da Sabon Birni a ƙasar Anka, waɗanda wasu unguwannin Kano na yau suka fi su mutane, amma suna ɗauke da wannan suna mai girma. Haka kuma Birnin Kebbi da Birnin Gwari da Birnin Kudu da Birnin Konni, kowanne da tarihin tsaro da sarauta a bayansa. Ganuwa kuwa ba ta ginuwa sai da sarki mai iko wanda zai kira gayya, da talakawan da za su kwaɓa ƙasa bayan kowace damina su toshe inda ruwa ya ci, da sarkin ƙofa wanda zai rufe ƙyaure da almuru ya buɗe da asuba. Wanda ya ce birni, ashe, ya ambaci alkawari tsakanin mai mulki da wanda ake mulka: talaka ya ba da ƙarfinsa da harajinsa, sarki ya ba shi aminci da shari'a da mafaka a ranar da ƙura ta tashi. Wannan alkawari shi ne ruhin kalmar, kuma shi ne abin da ya kamata a riƙe a zuci kafin a ci gaba.

Tarihin Zamfarawa ya isa misali. Ruwayoyinsu sun nuna cewa a Dutsi, cikin ƙasar Zurmi ta yanzu, sarautarsu ta fara kafuwa, daga bisani aka gina Birnin Zamfara a kusa da Isa, wanda ya bunƙasa ya zama matattarar fatake da malamai, har Gobirawa suka gangaro daga arewa suka nemi wurin zama aka ba su. A zamanin Sarkin Gobir Babari, cikin shekarun 1760, baƙi suka juya wa masu masauki, Birnin Zamfara ya faɗi, Gobirawa suka mai da Alƙalawa babban birninsu, wurin da ake cewa a da gonakin alƙalin Zamfara ne. Sarakunan Zamfara suka yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, Kiyawa da Banga da Sabon Gari suna cikin wuraren da suka zauna, kafin daga ƙarshe su tabbata a Anka cikin rabin farko na ƙarni na 19, inda Sarkin Zamfara yake zaune har yau. A tsakanin haka Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, jama'arsa suka ci Alƙalawa a 1808, Muhammadu Bello ya gina Sakkwato a 1809. Abin da mai hankali zai tsinta a nan shi ne, birni a wancan zamani abu ne mai iyaka, wanda ake iya nuna inda ya fara da inda ya ƙare, ake iya kewaye shi da yaƙi a ci shi ya zama kufai, sarauta ta kwashi tamburanta ta koma wani wuri. Kuma tsakanin birni da birni lalle ne a sami daji, domin dajin nan shi ne makiyaya, shi ne wurin itace da farauta, shi ne kuma garkuwa ta farko kafin ganuwa.

Ko Kano, wadda yau ita ce babban misalin abin da muke magana a kai, a kan wannan ƙa'ida ta tashi. Littafin tarihin sarakunanta ya jingina fara ginin ganuwa ga Sarki Gijimasu a farkon ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya ƙara mata a ƙarni na 17, watau duk lokacin da birni ya yi girma ganuwa ce ke miƙewa ta rungumo sabon fili. Sa'ad da Bajamushen nan mai yawon bincike, Barth, ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunanta na dindindin da kimanin 30,000, ya kuma tarar da babban yanki na cikin ganuwa fili ne da gonaki da kududdufai. Hikimar barin wannan fili a bayyane take: idan abokan gaba suka yi wa birni zobe ya ci daga cikinsa, mutanen karkara kuma su sami inda za su fake da iyalinsu da dabbobinsu. Tun asali, ke nan, da lissafin mutumin ƙauye aka auna faɗin birni.

Kafin masu taswira da masu tsara garuruwa na wannan zamani su shiga neman haddin gari, fuƙaha'unmu na mazhabar Malikiyya sun riga su, domin ibada ta tilasta musu. Duk almajirin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya san cewa wanda ya nufi tafiyar baridi huɗu, watau mil 48, ba ya fara ƙasaru sai ya wuce gidajen garinsa sun koma bayansa, kuma Juma'a tana wajaba a kan mazaunin gari da wanda yake mil uku ko ƙasa da haka daga gare shi. Daga nan tambaya ta taso dole, wai shin ina gidajen gari suke ƙarewa? Masu sharhin Mukhtasar na Shaihu Halilu suka zurfafa, suka bayyana cewa lambunan da ake zaune a cikinsu, idan sun haɗu da gari, hukuncinsu hukuncin gari ne, kuma haɗuwar ba lalle ta zama ta bango da bango ba, ya wadatar a ce mazauna wurin suna amfanuwa da mutanen gari cikin al'amuran yau da kullum, kamar ɗebo wuta da dahuwa da toya gurasa. Wannan amfanuwa ita suka kira irtifaƙi, suka kuma ƙara da cewa ƙauyuka biyu da mutanen ɗayansu ke irtifaƙi da na ɗayan, a wajen matafiyi tamkar gari guda suke. Sai a dubi zurfin wannan ma'auni, yadda ya bar katanga ya kama bukatar da ke tsakanin mutane. Haka kuma asalin hukunci a mazhaba shi ne Juma'a guda a gari guda, a tsohon masallaci, sai fa da lalura irin ta ƙuncin wuri. Don haka ne Kano ta daɗe da masallacin Juma'a ɗaya tilo, kuma ranar da aka buɗe na Fagge, wanda jama'a ke kira Masallacin Waje, aka shiga buɗe wasu bayansa, ranar ce shari'a da kanta ta shaida cewa garin ya wuce tsohon haddinsa.

Duniyar Musulunci ta daɗe da sanin biranen da suka haɗe. Sa'ad da rundunar Sa'adu ɗan Abi Waƙƙasi ta ci fadar Kisra a bakin kogin Dijla a shekara ta 637, Larabawa sun san wurin da suna Mada'in, jam'in madina, domin garuruwa ne da dama a haɗe a gaɓoɓin kogin biyu. A can Salmanul Farisi ya yi mulki, a can kuma kabarinsa yake. Ibn Haldun a cikin Muƙaddimarsa ya kawo labarin Bagadaza a zamanin ƙarfinta, cewa ta ƙunshi garuruwa fiye da arba'in maƙwabtan juna, ba ganuwa ɗaya ce ta kewaye su ba. A Masar, Amru ɗan Asi ya kafa Fusɗaɗ a 641, Abbasawa suka kafa Askar kusa da shi, Ahmadu ɗan Ɗulun ya gina Ƙaɗa'i a 870, Faɗimawa suka gina Alƙahira a 969, har Salahuddini ya fara ganuwar da zai tattara su da ita a 1176. Alhazanmu na da, waɗanda suka bi ta gabas a ƙafa da waɗanda suka zauna a Sudan suka hayayyafa, sun san Hartum da Omdurman da Bahri, garuruwa uku a magamar kogin Nilu, waɗanda mutanen ƙasar ke kira babban birni mai kusurwa uku. Ibn Haldun ya kuma yi wata lura wadda ta shafe mu ƙwarai, cewa birnin da ke da karkara mai jama'a a kewayensa, wadda ke zuba masa mutane, yakan wanzu ko bayan daular da ta gina shi ta shuɗe, wanda ba shi da ita kuwa yakan lalace sannu a hankali.

A ƙasar Hausa, abin da ya warware tsohon haddi shi ne zuwan Turawa. An ci Kano a watan Fabrairu na 1903, kuma tun daga ranar da aka ga igwa ta fi ƙarfin katangar ƙasa, ganuwa ta rasa aikinta na farko, aka daina gayyar gyaranta, daga bisani ma aka shiga ɗibar ƙasarta ana gini. Turawa suka kafa mazauninsu a Nassarawa da Bompai, gabas da birni. Jirgin ƙasa ya iso a 1911. Aka yanka Sabon Gari a 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu. Fagge, wadda tun da can zangon fatake ce a bakin ganuwa, ta cika ta batse. Tudun Wada da Gwagwarwa suka tashi domin 'yan arewa masu neman aiki. Cinikin gyaɗa, wanda ya tara dalar buhuna a kusa da tasha, ya jawo leburori da dillalai daga ko'ina, sa'an nan masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka ƙara jawo wasu. A Zariya ma haka al'amarin ya gudana, har ya fi fitowa fili, domin Birni da Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru a da wurare huɗu ne masu fili a tsakaninsu, kowanne da dalilin kafuwarsa, na farko sarauta, na ƙarshe aikin binciken noma da Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, yau kuwa gini ya ɗinke yawancin filayen. Gusau, wadda Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa, ita ma jirgin ƙasa da auduga da gyaɗa suka ɗaga ta, zamanta hedikwatar Jihar Zamfara a 1996 ya ƙara mata faɗi.

Harshe bai tsaya kallo ba. Kanawa suka fara da kalma mafi sauƙi, suka kira duk abin da ke bayan ganuwa waje, har sunan ya shiga takardun mulki. Wanda aka haifa a ciki kuma ya ce shi ɗan cikin badala ne, yana tunƙaho da hakan. Da wajen ya fi cikin girma, sai aka koma cewa ƙwaryar birni idan ana nufin tsakiya, birni da kewaye idan ana nufin tsakiyar da abin da ya manne mata. Gari ya yi ta yaɗo kamar kabewa, duk inda reshe ya taɓa ƙasa sai ya kafa saiwa, ya bi hanyar Katsina da ta Zariya da ta Gwarzo da ta Haɗeja da ta Wudil, ya haɗiye ƙauyukan da suka kasance masu zaman kansu. Sunayen unguwanni ne kawai suka rage suna ba da shaida: Rijiyar Zaki da Rijiyar Lemo, Kurna da Ɗorayi, Gandun Albasa da Unguwa Uku, Hotoro da Na'ibawa da Panshekara, wasu sunan rijiya, wasu sunan itace, wasu sunan gona. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka zama Kano ta yau, watau Birni da Fagge da Dala da Gwale da Tarauni da Nassarawa da Ungogo da Kumbotso, sun ƙunshi mutum kimanin miliyan 2.8, kuma tun daga lokacin gini bai tsaya ba. Kalmar birni da kanta ta rabu da ganuwa, har aka wayi gari ana cewa birnin Kaduna da birnin Ikko da birnin tarayya, alhali ba a taɓa ɗaga musu katanga irin ta Hausa ba.

Turawa ma sun gamu da wannan buƙata ta suna. A 1915 wani masani mutumin Sikotlan, Patrick Geddes, da ya ga yadda garuruwan masana'antu na Ingila suka narke cikin juna, ya ƙago kalma daga Latin wadda ma'anarta haɗuwar birane. A 1961 kuma wani Bafaranshe masanin labarin ƙasa, Jean Gottmann, ya ari sunan wani tsohon gari na Girka, Megalopolis, watau babban birni, ya laƙaba wa jerin biranen gabashin Amurka tun daga Boston har Washington. Fa'idar da za mu ɗauka daga gare su ita ce rarrabewa, domin abubuwa uku ne ake cakuɗawa. Na farko, birni guda wanda ya girma ya haɗiye ƙauyukansa, kamar Kano da Sakkwato da Katsina, wannan birni da kewaye ya dace da shi sarai, tunda akwai uwa akwai 'ya'ya. Na biyu, garuruwan da kowanne ke da asalinsa da hukumarsa suka faɗaɗa har suka gamu, kamar yadda Abuja, bayan komawar gwamnati can a Disamba 1991, ta miƙe ta Nyanya ta haɗu da Mararraba da Masaka waɗanda suke cikin Jihar Nasarawa. Wannan haɗaɗɗun birane ko gamayyar birane ya fi cancanta, domin ba wanda yake kewayen wani a shari'ar mulki, ko da yake ma'aikaci yana kwana a wata jiha yana aiki a wata. Na uku, jerin manyan birane a kan hanya guda masu nisan ɗaruruwan mil, wanda ƙasar Hausa ba ta kai gare shi ba tukuna. Mai rubutu ko mai watsa labarai da ya kira duka ukun babban birni bai yi ƙarya ba, amma ya ɓoye wa mai sauraro tambayar da ta fi muhimmanci, watau wace hukuma ce ke da alhakin ruwa da hanya da makaranta da kotu a wurin da iyakoki suka shiga juna.

To, mene ne ruwan mutumin ƙauyen Abare da wannan duka, shi da ke zaune a ƙasar da har yanzu daji ke raba gari da gari? Ruwansa babba ne, domin idan aka ɗauki ma'aunin fuƙaha'u na irtifaƙi aka faɗaɗa shi, za a ga cewa manyan biranen nan ba su taɓa rabuwa da ƙasarsa ba. Dawa da gero da waken da ake jibgewa a kasuwar Dawanau ta Kano, da shanun da ake yankawa a mayankar birane, da samarin da ke tafiya cin rani bayan kaka, da almajiran da ake kai wa malamai a Kano da Zariya da Gusau, daga irin waɗannan ƙauyuka suke fitowa. Zinariyar da ake tona a ƙasar Anka da Bukkuyum a birane ake yanke farashinta, amma a cikin gidajen ƙauye ake daka dutsenta. Kuma a 2010 gubar dalma da ke cikin wannan dutse ta halaka yara fiye da 400 a ƙauyukan yankin, cikinsu har da Abare da Dareta da Bagega da 'Yargalma, Allah ya jiƙansu, aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega kuwa bai samu ba sai 2013. Bayan wannan sai fitinar 'yan bindiga, wadda ta tashi tungaye da ƙauyuka masu yawa, ta kora mutanensu zuwa Anka da Gummi da Gusau, wasu har Sakkwato da Kano. Ga al'amari ya juye: a da mutumin karkara yakan gudu zuwa birni ya tarar an bar masa fili a cikin ganuwa, ya koma gonarsa idan ƙura ta lafa, yau yana gudu ya tarar ba ganuwa, ba fili, sai kango da gefen gari, kuma shi ne ke zama wannan kewaye da ake ambata a ƙarshen suna. Bunƙasar birni da ake alfahari da ita, wani kasonta ƙaurar dole ce.

Saboda haka gyaran kalma a nan ba wasan malaman lugga ba ne. Idan hukuma ta yarda ta kira wuri birni da kewaye, ta karɓi haraji da ƙuri'a a cikinsa, to ta amsa tsohon alkawarin da ke cikin sunan, kuma wajibi ne mazaunin Rimin Kebe a gefen Kano ko bayan garin Gusau ya sami aminci da ruwa da alƙali kamar yadda na ƙofar fada yake samu. Idan garuruwa biyu na hukumomi dabam suka gamu, wajibi ne a kira su gamayya a kuma yi musu majalisar da za ta haɗa shawararsu, kada talaka ya zama ɗan tsakani wanda kowace hukuma ke tura wa 'yar'uwarta. Ya kamata kuma malaman tarihi da hakimai da dagatai su rubuta sunayen tungaye da ƙauyukan da birni ya haɗiye da waɗanda fitina ta tasa, da iyakokin gonakinsu da maƙabartunsu, tun dattawan da suka san su suna raye, domin gado da shari'ar ƙasa suna rataye da wannan sani. Mafi girman duka shi ne a tuna da lurar Ibn Haldun, cewa karkara ce ke raya birni. Duk wanda ke son Kano da Sakkwato da Gusau su ɗore, to ya fara da tsare Abare da ire-irenta, ya sa manomi ya iya kwana a gidansa ya tafi gonarsa cikin natsuwa. Allah ya ba shugabanninmu ikon cika wannan amana, ya zaunar da biranenmu da ƙauyukanmu lafiya.